Iskar Barcin Tiyata da Ceton Ƙwaƙwalwa Bayan Yankewar Numfashi

Shirin lafiya na yau zai shiga ɗakin tiyata, ya tsaya ta wajen kan marar lafiya, inda likitan sa barci yake zama da na'urarsa. Iskar da yake ɗora wa mutum a hanci don kada ya ji zafin wuƙa ita ce abin magana, domin shekaru kusan 40 ke nan masu bincike suna bin wata tambaya a kanta: shin wannan iska za ta iya ceton ƙwaƙwalwar da oksijin ya yanke mata?

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma ita kaɗai ke shan kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin da jiki ke amfani da shi lokacin da mutum yake hutawa. Kuma ba ta da ajiya. Tsoka tana iya lallaɓawa na wani lokaci ba oksijin, ƙwaƙwalwa ba ta iyawa. Idan jini ya daina isa gare ta, cikin daƙiƙa 10 mutum zai sume, daga minti 4 zuwa 6 kuwa ƙwayoyin da suka fi rauni sun fara samun lahanin da ba ya gyaruwa. Hanyoyin da hakan ke faruwa ba baƙi ba ne ga kowa: zuciya ta tsaya farat ɗaya, yaro ya faɗa rijiya ko kududdufi, iyali su kwana da janareto a zaure ko da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, gudan jini ya toshe jijiya ya jawo shanyewar ɓarin jiki, ko doguwar naƙuda ta galabaitar da jariri ya fito bai yi kuka ba.

Da daɗewa an ɗauka duk ɓarnar tana aukuwa ne a cikin waɗannan mintoci, in sun wuce an gama. A 1982 wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan Japan, Takaaki Kirino, ya nuna ba haka abin yake ba. Ya ɗauki wasu ƙananan ɓerayen hamada, ya matse jijiyoyin wuyansu biyu masu kai jini ka na minti 5 kacal, sannan ya saki. Ɓerayen suka farfaɗo, suka ci gaba da harkokinsu. Da ya duba sashen ƙwaƙwalwar da ake kira hifokamfas, wanda ke riƙe sabon abin da aka koya, a rana ta farko ƙwayoyin suna nan kusan kamar ba abin da ya same su. Zuwa rana ta 4, galibin na wani yanki na sashen sun mutu. Jini ya dawo tun tuni, oksijin ya wadata, amma mutuwar ta ci gaba da tafiya a hankali. Wannan jinkiri shi ne ya ba likitoci fata, domin abin da ke ɗaukar kwanaki kafin ya kammala akwai damar a tare shi a hanya.

Me ke faruwa a cikin waɗannan kwanaki? Kowace ƙwayar jijiya tana da 'yan famfuna a jikin fatarta, dare da rana suna fitar da sinadarin sodiyam waje, suna shigo da fotasiyam ciki. Wannan aiki shi ke cin kaso mafi tsoka na ƙarfin da ƙwaƙwalwa ke samu daga sukari da oksijin. Da oksijin ya yanke sai famfunan su tsaya, sodiyam ya kwararo ciki, ruwa ya biyo shi, ƙwayar ta kumbura. Daga nan sai ta saki gulutamet, sinadarin da ƙwayoyin ke aika wa juna saƙo da shi, ta sake shi ba awo. A kan makwabtanta akwai ƙofofin da gulutamet ke buɗewa, fitacciyar cikinsu ita ce wadda ake kira NMDA, kuma idan ta daɗe a buɗe kalsiyam yana shiga fiye da yadda ƙwaya za ta iya ɗauka. Shi kuma ya tayar da sinadaran da ke narkar da ƙwayar daga ciki. Tun a 1969 John Olney, wani masani a birnin St. Louis na Amurka, ya nuna cewa gulutamet idan ya yi yawa yana kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ta hanyar zaburar da su fiye da ƙima. A 1984 kuma ƙungiyar Brian Meldrum a Landan ta gwada toshe ƙofar NMDA a ƙwaƙwalwar ɓeraye, ta ga ƙwayoyin sun fi jure yankewar jini.

Abin tausayi shi ne, dawowar oksijin ma tana da nata lahanin. Sassan ƙwayar da ke sarrafa shi, wato mitokondiriya, sun riga sun jikkata, sai su riƙa zubar da wasu burbushin sinadarai masu ƙona duk abin da suka taɓa. A jariran da suka sha wuyar haihuwa an auna wannan da na'ura: bayan an farfaɗo da su ƙarfin ƙwaƙwalwa yakan dawo na 'yan sa'o'i, sannan daga kamar awa 6 zuwa kwana 2 ya sake faɗuwa. A lokacin ne ake yawan ganin jijjiga. Wasu ƙwayoyin ma da kansu suke kunna tsarin kashe kai da Allah Ya halitta a cikinsu don kawar da ƙwayar da ta lalace.

To, ina iskar barci ta shigo? Tarihinta ya faro ranar 16 ga Oktoba, 1846, lokacin da William Morton ya shaƙa wa wani marar lafiya iskar eta a babban asibitin Massachusetts da ke Boston, aka yanke masa ƙari a wuya bai tashi ba. A 1956 aka fara amfani da haloten a Manchester, iskar da asibitoci da dama a Najeriya da Nijar da sauran ƙasashen Afirka suka daɗe suna dogaro da ita saboda arharta. Bayanta aka samu aisofuluren, sannan sebofuluren, wadda ba ta sa tari, shi ya sa aka fi sa yara barci da ita.

Likitocin sa barci sun lura tun da wuri cewa ƙwaƙwalwar da ke cikin barcin tiyata ba ta cin oksijin kamar ta mai ido biyu. Lamarin kamar magidanci ne da man janaretonsa ya kusa ƙarewa, ya kashe firji da fanka da talabijin, ya bar ƙwai ɗaya don man ya kai shi asuba. John Michenfelder, likitan sa barci a asibitin Mayo da ke jihar Minnesota, shi ya fi kowa bin wannan sawu. Asibitin yana yawan yin tiyatar wanke babbar jijiyar wuya, aikin da dole sai an matse jijiyar na wani lokaci, kuma suna auna gudun jini tare da wutar ƙwaƙwalwa yayin aikin. A 1987 ya fitar da nazarin tiyata sama da 2,000. Lafiyayyar ƙwaƙwalwa tana samun jini kimanin mililita 50 a kowane giram 100 a minti ɗaya. Ƙarƙashin haloten, alamun wahala suna bayyana idan jinin ya sauko zuwa kamar 20. Ƙarƙashin aisofuluren, sai ya sauko kusan 10 kafin na'urar ta nuna damuwa.

Wannan bambanci ne babba, sai dai yawan waɗanda suka tashi da lahani bai bambanta ba tsakanin masu iskar nan da masu waccan. Michenfelder ya kuma san iyakar wannan hanya. Iskar tana kashe aikin aika saƙo ne kawai, wanda bai fi rabi da ɗoriya na buƙatar ƙwaƙwalwa ba. Sauran ƙarfin na riƙe ran ƙwayar kanta ne, shi kuwa ko an ƙara iska ba ya raguwa. Idan jini ya yanke gaba ɗaya, abin da wannan tsimi zai ƙara wa mutum 'yan mintoci ne.

Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. A farkon shekarun 1990 David Warner da abokan aikinsa a Amurka sun ga haloten da sebofuluren duk suna rage girman ɓarna a ƙwaƙwalwar ɓeraye idan aka kwatanta da ɓeran da ke farke, alhali ba daidai suke rage cin oksijin ba. Ke nan akwai wani abu ban da tsimi. Bincike ya nuna iskar tana rage fitar gulutamet, tana rage kaifin ƙofofin da yake buɗewa, tana kuma ƙarfafa GABA, sinadarin da ke kwantar da ƙwayoyin jijiya. A Faransa, ƙungiyar Michel Lazdunski da ke kusa da birnin Nice ta gano wata ƙofar fotasiyam mai suna TREK-1 da iskar barci ke buɗewa, buɗewarta kuma tana sa ƙwayar ta yi wuyar zabura. A 2004 suka samar da ɓerayen da ba su da wannan ƙofa. Sai aka ga abu biyu tare: ɓerayen suna buƙatar iska mai yawa kafin su yi barci, kuma yankewar jini ta fi kashe su. Ƙofa ɗaya ce ke hidimar barcin da kariyar.

Akwai wani likitan sa barci a San Francisco, Philip Bickler, da ya je neman amsa wurin da ba a zata ba, wato wurin kififiya. Wata irin kififiya ta tafkunan arewacin Amurka da Kanada tana shafe hunturu a ƙarƙashin ƙanƙara, kuma a ɗakin gwaji an ga ta wuce wata 3 a ruwan sanyi marar oksijin ko kaɗan, ta fito da ƙwaƙwalwarta lafiya. Bickler da Leslie Buck sun nuna cewa da oksijin ya yanke, ƙwaƙwalwar wannan dabba tana rufe ƙofofin NMDA da kanta, ta hana ambaliyar kalsiyam tun kafin ta taso. Da ya koma kan yankakkun sassan ƙwaƙwalwar ɓera, ya ga aisofuluren tana ɗan ɗaga kalsiyam a cikin ƙwaya, ɗagawa kaɗan wadda ba ta kisa, kuma wannan ɗan ƙari shi ke tayar da sinadaran kare kai. Kalsiyam ɗin da ke halaka ƙwaya idan ya yi ambaliya, shi ne ke gargaɗinta idan ya zo da awo.

Wannan ya haɗu da wani abin mamaki da aka gano a zuciya. A 1986, a Jami'ar Duke, Charles Murry da Robert Jennings da Keith Reimer sun toshe jijiyar zuciyar karnuka na minti 5 suka saki, har sau 4, sannan suka toshe ta na minti 40. Naman zuciyar da ya mutu bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya mutu a karnukan da ba a yi wa wancan share fage ba. Ƙaramar wahala ta shirya gaɓar ga babba. A 1990 Kazuo Kitagawa da abokansa a Japan suka ga haka a ƙwaƙwalwa. A 1997 kuma masu bincike a Milwaukee suka nuna ba sai an toshe jijiya ba, shaƙar aisofuluren na ɗan lokaci tana yi wa zuciya irin wannan shiri, kuma kariyar tana nan ko bayan iskar ta fita daga jiki. Cikin shekarun 2000 aka maimaita wannan a ƙwaƙwalwar ɓeraye, har ɗakin binciken Zhiyi Zuo a Jami'ar Virginia ya nuna ana samun amfani ko da bayan ɓarnar aka ba da iskar, muddin an yi da wuri. Wannan ne ya fi muhimmanci ga likita, tunda ba wanda ke sanin ranar da zuciyarsa za ta tsaya balle a shaƙa masa iska tun jajibiri.

Sai dai tun a aikin Murry akwai wani gargaɗi da ba a cika ambata ba: da suka tsawaita toshewar zuwa awa 3, kariyar ta ɓace. Irin wannan ya bayyana a ƙwaƙwalwa a shekarar 2000, lokacin da Masahiko Kawaguchi da John Drummond da Piyush Patel a San Diego suka yi abin da mafi yawan masu gwaji ba sa yi, suka jira. Bayan kwana 2, ɓerayen da suka shaƙi aisofuluren suna da ƙaramar ɓarna, kamar yadda kowa ke bayar da rahoto. Bayan kwana 14, ɓarnar tasu ta kamo ta sauran. Iskar ta jinkirta mutuwar ƙwayoyin ne, ba ta hana ta ba. Daga baya ƙungiyar Warner ta nuna a 2007 cewa kariyar tana iya ɗorewa makonni a wasu yanayin. Abin da hankali zai ɗauka daga gwaje-gwajen biyu shi ne iskar tana sayen lokaci, kuma darajar lokacin ta dogara ga tsananin raunin da kuma abin da aka yi a cikinsa.

Iskar da ta fi kowace kusantar gadon marar lafiya a wannan fage ita ce zenon. William Ramsay da Morris Travers ne suka gano ta a Landan a 1898. Tana cikin iskar da kowa ke shaƙa, amma kashi ɗaya ce cikin kusan miliyan 11 da rabi, shi ya sa tace ta ke da tsada ƙwarai. Masu mota sun san ta a fitilun nan masu farin haske. A 1951 Stuart Cullen da Erwin Gross suka sa mutane barcin tiyata da ita a Iowa, amma ba wanda ya san yadda take aiki sai 1998, lokacin da Nicholas Franks da abokansa a Kwalejin Imperial ta Landan suka nuna cewa ƙofar NMDA take toshewa, ƙofar nan dai ta ambaliyar kalsiyam. Ga shi ba ta raunana bugun zuciya, ba ta saukar da hawan jini kamar sauran, tana shiga ƙwaƙwalwa da sauri ta fita da sauri. A gwajin jariran ɓeraye da na aladu, haɗa ta da sanyaya jiki ya fi sanyayawar kaɗai amfani.

Ita sanyayawar tana bukatar bayani. Gwaje-gwajen da aka fitar a 2005 da 2009 sun tabbatar cewa jaririn da ya sha wuyar haihuwa, idan aka saukar da zafin jikinsa zuwa digiri 33.5 na awa 72, aka kuma fara cikin awa 6 da haihuwa, a sashen kulawa ta musamman, ana tsirar da kusan ɗaya cikin kowane 7 daga mutuwa ko babbar nakasa. Nasara ce, amma jarirai da yawa ba ta isar musu. Don cike wannan giɓi ne Marianne Thoresen a Bristol da John Dingley na Swansea, wanda ya ƙera na'urar da ke juya zenon tana dawowa don kada ta salwanta, suka fara ba wani jariri iskar a asibitin St Michael a 2010. Jaridun Ingila sun yi ta yayata labarin.

Da aka zo gwaji na tsanaki, murna ta koma ciki. Denis Azzopardi ya jagoranci nazari kan jarirai 92 a asibitocin Landan da Liverpool, rabi aka sanyaya su kawai, rabi aka ƙara musu zenon kashi 30 cikin 100 na awa 24. Sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna iskar ba ta cutar da su ba, amma hoton MRI bai nuna ƙwaƙwalwarsu ta fi ta sauran lafiya ba. Akwai wani adadi a rahoton da ya cancanci a tsaya a kansa: a matsakaici, sai da jariran suka kai kusan awa 10 a duniya kafin iskar ta shiga hancinsu, saboda ɗauko su daga wasu asibitoci da neman izinin iyaye. Dabbobin gwaji kuwa cikin 'yan sa'o'in farko ake ba su. Ana iya cewa maganin ya gaza, ana kuma iya cewa ya makara, kuma gwajin bai raba gardamar ba.

A shekarar dai, daga Finlan, aka samu labari mai ɗan daɗi. Ruut Laitio da Timo Laitio da abokansu a Turku da Helsinki sun bi manya 110 da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti, aka farfaɗo da ita amma suka kasance cikin dogon suma. Waɗanda aka haɗa wa zenon kashi 40 cikin 100 da sanyayawa, hoton MRI ya nuna zaruruwan da ke haɗa sassan ƙwaƙwalwarsu ba su lalace kamar na sauran ba. Bayan wata 6, kusan kashi 28 cikin 100 nasu sun rasu, a ɗaya ɓangaren kusan kashi 35. Tazarar tana da ban sha'awa, amma a mutane 110 ba ta kai a rantse cewa ba dace ba ne, kuma yanayin hankalin waɗanda suka rayu bai bambanta ba.

Ko a zuciya, inda labarin share fage ya fi ƙarfi, gwaji kan mutum 5,400 da aka yi wa tiyatar jijiyoyin zuciya a ƙasashe 13, wanda ya fito a 2019, ya samu mutuwar kashi 2.8 cikin 100 a shekara ɗaya ga masu iska, da kashi 3 ga masu allurar barci. Babu bambanci. Wannan ba laifin iskar barci kaɗai ba ne. Wani nazari na 2006 ya ƙirga magunguna da dabaru 1,026 da aka gwada don kare ƙwaƙwalwa daga shanyewar ɓarin jiki, kuma mafi yawansu sun tsaya a ɗakin gwaji. Ɓeran gwaji matashi ne, lafiyayye, an san minti da daƙiƙar da aka toshe masa jijiya. Marar lafiya na gaske dattijo ne mai hawan jini da ciwon sukari, wanda aka tsinta a ƙasa ba a san tun yaushe ba. Yanzu wasu masu bincike a Turai sun karkata ga argon, 'yar'uwar zenon, wadda ta kai kusan kashi 1 cikin 100 na iskar duniya, don haka take da arha, kuma ta nuna alamun kariya a ɓeraye da aladu.

Iskar nan tana da wata fuskar da dole a faɗa. A 2003 Vesna Jevtovic-Todorovic da abokan aikinta suka sa jariran ɓeraye 'yan kwana 7 barci na awa 6 da haɗin magunguna uku, ciki har da aisofuluren. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsu da yawa suka mutu, da suka girma kuma suka kasa koyo kamar 'yan'uwansu. Ƙwaƙwalwar da ke kan ginuwa tana bukatar saƙonnin gulutamet don ƙwayoyinta su san ana bukatarsu, dogon shiru sai ya sa wasu su kashe kansu. A Disamban 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan barcin tiyata da ya wuce awa 3 ko wanda ake maimaitawa ga yara 'yan ƙasa da shekara 3 da masu ciki a watanni ukun ƙarshe. Amma kada wannan ya tsorata iyaye. An bi jarirai 722 a ƙasashe 7 da aka yi wa aikin ƙaba, rabi da sebofuluren na ƙasa da awa ɗaya, rabi da allurar baya suna farke. Da suka kai shekara 5 aka auna basirarsu, a 2019 aka bayyana cewa daidai suke. Yaron da likita ya ce yana bukatar tiyata, hana shi ita ya fi barcin haɗari nesa ba kusa ba.

Kada kuma wani matashi ya ji wannan shiri ya ce ashe shaƙe-shaƙe na kare ƙwaƙwalwa. Sholisho da fetur da makamantansu suna cinye rufin zaruruwan jijiya, suna iya tsayar da zuciya a shaƙa ɗaya. Ita kanta iskar asibiti tana danne numfashi tana saukar da hawan jini, shi ya sa ba a ba da ita sai da awo, da oksijin a haɗe, da ƙwararre zaune yana kallon na'ura.

Ga ƙasashe irin Najeriya, wadda ke cikin waɗanda suka fi yawan mutuwar jarirai a duniya, akwai darasi mai nauyi daga kudancin Asiya. Sudhin Thayyil ya jagoranci gwajin sanyaya jarirai 408 a manyan asibitocin Indiya da Siri Lanka da Bangaladash, aka fitar da sakamako a 2021. Sanyayawar da ke ceto a Ingila ba ta rage nakasa ba a can, mutuwa ma ƙaruwa ta yi, kashi 42 cikin 100 a kan kashi 31. Masu binciken suna ganin da yawa daga jariran sun daɗe suna shan wuya tun suna ciki, ga ƙarancin nauyi, don haka ƙofar ceton ta riga ta fara rufewa kafin a haife su. Saboda haka babu dalilin da zai sa a sanyaya jariri a gida, ko a watsa masa ruwan sanyi don ya yi kuka. Sanyi da kansa yana kashe jarirai.

Abin da aka tabbatar yana aiki a Afirka ba shi da tsadar zenon. A Tanzaniya an horar da ungozomomi da ma'aikatan jinya a asibitoci 8 kan abin da za a yi a minti na farko: a goge jariri ya bushe, a shafa bayansa, a share hanci da baki idan sun toshe, in bai yi numfashi ba a ɗora masa 'yar jakar hura iska kafin minti ɗaya ya cika. Rahoton 2013 ya nuna mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100. Ba a riƙe jariri ta ƙafa a zazzage shi, ba a mari, ba a hura masa hayaƙi. Naƙudar da ta kwana ta wuni kuwa, ko wadda jini ya ɓalle, ko motsin ɗa ya ragu, asibiti za a nufa ba tare da jiran gari ya waye ba.

Babban mutum da ya faɗi ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemo mota ko ma'aikacin lafiya. Wanda aka tsamo daga ruwa yana bukatar a hura masa iska ta baki tare da dannawar. Wanda hayaƙin janareto ko na gawayi ya sumar, a fitar da shi sarari nan take, a kai shi inda za a sa masa oksijin ko da ya farka ya ce ya warke, domin irin jinkirin nan na ɓarna yana iya biyo baya bayan kwanaki. Sannan duk wanda ya raka marar lafiya ya duba agogo ya riƙe lokaci: ƙarfe nawa aka haifi jaririn, ƙarfe nawa dattijon ya faɗi, yaushe aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya. Allurar narkar da gudan jini ga mai shanyewar ɓarin jiki, a asibitin da ke da ita, cikin awa 4 da rabi aka saba yin ta, kuma likita ba zai taɓa ta ba sai ya ji amsar wannan tambaya.